BABI NA HUƊU: DAGA HANNU ZUWA HANNU: ARON LITTAFIN IN DA SO DA ƘAUNA A TALATA MAFARA DA BAKURA DA MARADUN

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo tarihin Ado Ahmad Gidan Dabino da irin yanayin da ya fara rubutu a cikinsa. Wannan babi kuwa zai bi sawun littafinsa mai suna In Da So Da Ƙauna bayan ya bar hannun marubucin, ya bar kantin mai sayarwa, ya faɗa hannun masu karatu a garuruwan Talata Mafara da Bakura da Maradun. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, al'adar aron littafi da miƙa shi ga wani hukunci ce da masu karatu ke yanke wa littafi. Mutum ba ya ɗaukar littafin da ya gundure shi ya kai wa amininsa. Saboda haka duk littafin da ya daɗe yana yawo a hannun jama'a, akwai wani abu a cikin jigonsa ko zubinsa da ya jawo haka, kuma aikin manazarci ne ya gano wannan abu, ya kuma auna shi. Za a dubi yadda littafin ya iso yankin, da hanyoyin da yake bi, da dalilan da suka sa ake miƙa shi, da rauninsa, sannan da matsayin wannan al'ada a muhawarar da masana suka yi a kan irin waɗannan littattafai.

4.1 Isowar Littafin Yankin

Littafin In Da So Da Ƙauna ya fito a Kano a farkon shekarun 1990. A wannan lokaci garuruwan nan uku suna ƙarƙashin Jihar Sakkwato ne, domin sai ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Littafin bai fito daga wani babban kamfanin ɗab'i irin NNPC na Zariya ba, wanda tun 1966 shi ne ya fi buga littattafan Hausa. Bayan taɓarɓarewar tattalin arzikin ƙasa da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, manyan kamfanoni sun karkata ga littattafan da aka sa a manhajar makarantu. Wannan ya sa matasan marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗinsu a ƙananan maɗaba'u, su kai wa 'yan kasuwa su sayar. Ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, wadda Ado Ahmad ya shugabanta, tana daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan tsari.

Tun da babu kamfanin da zai rarraba littafin, sai ya bi hanyar da sauran haja ke bi. Daga kasuwannin Kano yakan biyo 'yan tireda da direbobi ta Funtuwa da Gusau, ya hau titin da ya nufi Sakkwato, wanda ya ratsa Talata Mafara. Kasuwar wannan gari da ke ci ranar Talata tana tara mutanen Bakura da Maradun da ƙauyukan da ke kewaye, don haka ita ce babbar mashigar irin waɗannan kaya.

Haka kuma littafin ya tarar da masu karatu suna jiran sa. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da ɗimbin matasa da suka iya karanta Hausar boko, ko da kuwa Turancinsu bai yi ƙarfi ba. Madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka kammala a 1978, ta jawo ma'aikata da iyalansu daga wurare daban-daban. A 1992 kuma aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Talata Mafara, wadda aka sani da sunan Abdu Gusau. Idan aka haɗa waɗannan da makarantun sakandare na kwana, za a ga cewa akwai masu son karatu da yawa, amma masu halin sayen littafi kaɗan ne. A irin wannan hali ne aro ya zama babbar hanyar karatu.

4.2 Hanyoyin da Littafin Ke Bi

Ana iya karkasa yawon littafin zuwa hanyoyi huɗu.

Hanya ta farko ita ce aro tsakanin ƙawaye ko abokai. Wannan ya fi ƙarfi a makarantun kwana na 'yan mata, inda kwafi ɗaya kan zagaye ɗakin kwana gaba ɗaya, kowa da lokacin da aka yanka mata. Da yake hukumomin makarantu ba su yarda da irin waɗannan littattafai ba, akan naɗe bangon da takarda ko a cusa littafin cikin littafin darasi. Idan aka tafi hutu, sai littafin ya bi wata ɗaliba zuwa garinsu, ya sami sababbin masu karatu a can.

Hanya ta biyu ita ce haya. Mai kanti ko mai tebur kan sayi kwafi kaɗan, ya riƙa bayar da su na kwana ɗaya ko biyu a kan ɗan kuɗin da bai kai na saye ba. Mai hayar littafi ya san littafin da ake rububi da wanda ya kwanta masa, domin kuɗinsa ne a ciki. Ke nan teburinsa ma'auni ne na farin jinin marubuta.

Hanya ta uku ita ce musanya, wato ba ni gishiri in ba ka manda. Matan aure da ke cikin kulle su ne suka fi amfani da ita. Yara 'yan aike da 'yan talla da dillalai mata su ne ke kai littafi daga wannan gida zuwa wancan, kamar yadda suke kai kuɗin adashi. Taron biki da na suna ma wuri ne na musanya. Mai In Da So Da Ƙauna za ta ba da shi ta karɓi Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu ko Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa.

Hanya ta huɗu ita ce karanta wa wanda bai iya karatu ba. A nan littafin yakan koma tamkar tatsuniya, mai karatu a tsakiya, masu saurare kewaye da ita, ana tsayawa ana musu a kan halin taurari. Akwai wani abin lura ta fuskar harshe. An rubuta littafin da Hausar Kano, alhali mutanen wannan yanki karin harshen yamma suke yi, inda ake cewa "mi" a maimakon "me", da "wanga" a maimakon "wannan", da "ɗiya" a maimakon "'ya", da "hita" a maimakon "fita". Mai karantawa a bayyane takan ga rubutun Kano, amma harshenta ya rinjaye ta zuwa ga lafazin gida. Ta haka taurarin da aka ƙaga a Kano sukan shiga kunnen mai saurare da muryar Zamfara, shi kuma mai karatu ya riƙa sabawa da daidaitacciyar Hausa ba tare da malami ba.

Abin da waɗannan hanyoyi huɗu suka nuna shi ne, yawan kwafin da aka sayar ba zai taɓa bayyana yawan waɗanda littafin ya isa gare su ba.

4.3 Abin da Ya Sa Ake Miƙa Littafin

Littattafai da dama sun biyo wannan hanya suka iso yankin, amma ba duka ne suka daɗe suna yawo ba. Ana iya danganta daɗewar In Da So Da Ƙauna da abubuwa uku: jigo, da zubi, da salo.

Ta fuskar jigo, labarin ya ginu ne a kan Sumayya, 'yar masu hali, wadda ta kamu da son Muhammad, saurayi talaka. Sai ga Abdulƙadir, mai dukiya, ya fito neman aurenta. Da ta ƙi shi, sai ya bi ta hannun kakarta da alheri, kakar kuma ta matsa wa iyayen yarinyar lamba. Da Sumayya ta ga ba mafita sai ta faɗa rijiya, aka ciro ta da rai, daga ƙarshe kuma ta auri wanda take so. Jigon auren dole ba sabo ba ne a adabin Hausa. Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafan farko na shekarun 1930, ya nuna yadda mai kuɗi ya raba saurayi da budurwarsa, haka kuma So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da ya fito a 1980 ya taɓo rikicin masoya da dangi. Amma dabarar Ado Ahmad ita ce inda ya ajiye tushen matsalar. Bai ɗora ta a kan uba ba, sai a kan kaka. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, uba ne ke da ikon tilasta wa 'yarsa budurwa aure bisa wasu sharuɗɗa. Kaka mace ba ta da walicci ko kaɗan. Ƙarfinta na al'ada ne, wato nauyin da ɗa ke ji na saɓa wa mahaifiya. Ashe ke nan marubucin bai yi jayayya da shari'a ba, abin da ya soka shi ne kwaɗayi da ya fake a bayan biyayya. Wannan ne ya ba yarinyar da ta tashi a gidan tarbiyya damar ta so littafin ba tare da ta ji kamar ta yi wa addininta tawaye ba.

Daɗin daɗawa, a al'adar Bahaushe kunya ba ta barin budurwa ta buɗe baki ta ce wa manya ga wanda take so. Miƙa littafi kuwa ba ya buƙatar magana. Idan yarinya ta ba ƙawarta ko yayarta ko matar wanta wannan littafi ta ce ta karanta, sau da yawa saƙo ne ta isar game da halin da take ciki. Littafin ya zama ɗan aike a inda baki ya yi nauyi.

Ta fuskar zubi, an fitar da labarin kashi-kashi ne, ba a dunƙule ba. Kowane kashi ƙarami ne, ana iya gama shi a dare ɗaya, ana kuma iya ɓoye shi cikin mayafi. Wanda ya gama littafi na ɗaya ba zai sami natsuwa ba sai ya nemo na biyu, kuma ba lallai ne a same su a hannun mutum ɗaya ba. Dalilin wannan tsari na kasuwa ne, domin marubucin da ke bugawa da kuɗinsa yana buƙatar cinikin kashin farko kafin ya buga na gaba. Amma a hannun masu karatu sai ya zama igiyar da ke ƙulla zumunci, mai na ɗaya tana neman mai na biyu.

Ta fuskar salo kuwa, harshen littafin mai sauƙi ne, irin na hirar yau da kullum, ga yawan zance tsakanin taurari, ga wasiƙu da waƙoƙin bege. Irin waɗannan sassa suna iya tsayawa da ƙafarsu ko an cire su daga labarin. Shi ya sa matasa kan kwafe kalaman soyayya daga irin waɗannan littattafai su sa a wasiƙunsu. Wannan ma wani nau'in aro ne, wato aron kalma bayan aron takarda.

4.4 Raunin Littafin

Farin jini ba ya wanke littafi daga aibi, kuma adalci ne a faɗi inda wannan littafi ya gaza.

Da farko, taurarinsa ba su da zurfi sosai. Muhammad nagari ne tun daga farko har ƙarshe, Abdulƙadir kuwa an tsayar da shi ne don ya wakilci ƙarfin dukiya. Mai karatu ya san wanda zai so da wanda zai ƙi tun kafin labari ya yi nisa. Idan aka kwatanta da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990), za a ga cewa ita ta fi shiga cikin wahalhalun zaman gida, kamar ciyarwa da saki da tarbiyyar 'ya'ya, inda Ado Ahmad ya tsaya a bakin ƙofar aure.

Na biyu, kuma mafi girma, shi ne batun rijiya. Kashe kai haramun ne a Musulunci, kuma abin ƙyama ne a al'ada. Duk da cewa Sumayya ba ta mutu ba, tsarin labarin ya sa wannan mataki ya zama mararrabar da al'amura suka fara juyawa zuwa ga abin da take so. Mai karatu mai ƙarancin shekaru na iya fahimtar cewa barazana da rai ita ce makamin da ke aiki. A nan masu suka suna da hujja. Abin da za a iya faɗa don kare marubucin shi ne, hannunka mai sanda ya yi wa iyaye, ya nuna musu inda tilas ke kai yarinya, kuma ya rufe labarin da aure, ba da gudun duniya ba. Sai dai littafin da ke yawo daga hannu zuwa hannu ba ya tafiya da mai yi masa sharhi, kowa da yadda zai ɗauke shi.

Na uku shi ne tasirin finafinan Indiya, musamman wajen bayyana so da waƙa da kuma rikicin masoya biyu da mai kuɗi na uku. Brian Larkin ya yi bayanin wannan alaƙa a maƙalarsa ta 1997, inda ya kafa misali da wannan littafi. Amma shi kansa wannan nazari ya nuna cewa abin da ya ja Hausawa ga finafinan Indiya shi ne kamancin matsalolin aure da na iyali. Don haka za a iya cewa tufar aro ce, amma jikin na gida ne.

4.5 Matsayin Aro a Muhawarar Adabin Kasuwar Kano

Ibrahim Malumfashi ne ya yayata laƙabin Adabin Kasuwar Kano ga irin waɗannan littattafai a shekarun 1990, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica, yana kuma ganin cewa yayi ne da zai wuce. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu sun mayar da martani, musamman a jaridar New Nigerian Weekly a 1999, suna ganin cewa adabi ne na zamani da ya farfaɗo da karatun Hausa. Ɓangarorin biyu sun fi mayar da hankali ga marubuci da maɗaba'a da ɗan kasuwa. Abin da al'adar aro ta ƙara wa muhawarar shi ne, kasuwa zango ɗaya ce kawai a rayuwar littafin. Sau ɗaya ake sayen kwafi, amma sau da yawa ake bayar da shi kyauta. Abin da ke tafiyar da shi bayan ciniki ba riba ba ce, yarda ce da ƙauna tsakanin mai bayarwa da mai karɓa.

Sai dai wannan al'ada tana da hasara iri biyu. Ta farko a kan marubuci take, domin duk wanda ya ara ko ya yi haya bai saya ba, kuma ko sisi ba ya komawa ga wanda ya rubuta. Suna ya yi nisa, aljihu bai shaida ba. Ta biyu a kan adabin kansa take. Takardar da ake buga littattafan da ita ba ta da ƙwari, kuma yawan hannu kan cinye bango da shafukan ƙarshe. Littafin da aka fi so shi ne ya fi saurin mutuwa. Da yake ɗakunan karatu na hukuma ba su damu da tara su ba, aikin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar a 2004, wanda ya jera littattafan da suka fito daga 1987 zuwa 2002, ya zama muhimmin abin dogaro ga manazarta.

Ita ma hukuma ta gane ƙarfin wannan hanya. A 2007 gwamnatin Jihar Kano ta Malam Ibrahim Shekarau, ta hannun shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. Abin lura shi ne, daga hannun masu karatu aka tattaro su. Wannan ya nuna cewa abin da ya tayar da hankali shi ne yawon littattafan a tsakanin 'yan mata.

4.6 Sauyin Zamani

Bayan shigowar wayar salula a 2001 da yaɗuwar intanet daga baya, yawancin sababbin labarai sun koma fitowa ta WhatsApp da Wattpad, wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube. Hayar littafin takarda ta ja baya ƙwarai. Amma ɗabi'ar ba ta canza ba, domin har yanzu ƙawa ce ke tura wa ƙawa labarin da ya burge ta, kuma har yanzu kashi-kashi ake sakin labari.

A wannan yanki akwai wani dalili na daban da ya raunana tsofaffin hanyoyin, wato rashin tsaro. A watan Fabrairu na 2021 aka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka kai hari kwalejin aikin gona ta Bakura, a farkon Satumba kuma aka sace ɗalibai a makarantar Kaya ta Ƙaramar Hukumar Maradun. A wannan shekara gwamnati ta rufe makarantu da kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar na wani lokaci. Makaranta da kasuwa da waya su ne hanyoyi uku da labari ke bi, kuma duk an toshe su a lokaci guda. Wannan ya nuna cewa yawon littafi ya dogara ne ga zaman lafiya da cuɗanyar jama'a, kamar yadda ya dogara ga iya karatu.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda In Da So Da Ƙauna ya iso Talata Mafara da Bakura da Maradun ta hanyar 'yan kasuwa, ya kuma ci gaba da yawo ta hanyar aro da haya da musanya da karantawa a bayyane. An nuna cewa jigonsa na auren dole, da ɗora laifi a kan kwaɗayi maimakon shari'a, da fitowarsa kashi-kashi, da sauƙin harshensa, su ne suka sa ya dace da wannan yawo. An kuma nuna rauninsa ta fuskar gina taurari da batun rijiya. Bisa ga wannan, ya kamata manazarcin ƙagaggen labari ya riƙa sa hukuncin masu karatu a cikin ma'auninsa, ba don ya maye gurbin nazarin jigo da salo ba, sai don ya nuna masa inda zai fara tono. Haka kuma akwai buƙatar sassan koyar da Hausa na manyan makarantun wannan yanki su tattara kwafin da suka rage a akwatunan mata kafin su gama lalacewa. Babi na gaba zai dubi yadda aka mayar da wannan labari fim, da abin da ya ƙaru ko ya ragu a cikinsa.